Ban Ci Amanarka Ba, Yaya Mamman

Zuwa ga yayana Mamman, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na rubuto a nan inda kowa zai karanta ne saboda wata biyu ke nan ba ka ɗaukar wayata.

Lokacin da rusau ya iso layinmu a unguwar Karantina, nan Jidda, kana ɗaure kayan komawa gida, ka miƙo mini abin da ka tara a aikin gini. Ka ce, "Hindatu, ke ce mai iƙama, takardar izinin zama, riƙe mini har in samu fili."

Na ji tsoron ajiye kuɗi a ɗakin haya. Na haɗa da nawa na ɗinki, na sayi hannun jari ta wani kamfanin dillanci da ke ƙasar waje, duk ta waya. Na sanar da kai, ka amince.

Bara, gab da azumi, keken ɗinkina ya mutu. Na ranci kuɗin sabo a wurinsu, na jinginar da hannun jarin. Wannan ban gaya maka ba, kuma laifina ne. Amma kafin babbar salla na biya su tsaf.

Da ka samu fili, na nemi in sayar da hannun jarin in turo maka, sai aka ce in jira. Sati uku ina bugawa ana ba ni haƙuri. Daga ƙarshe wani ma'aikacinsu ya ce sun kwashi jinginata da ta wasu sun kai wani banki, sun ci nasu bashin da ita. Sun kasa biya, bankin ya riƙe. Wai ni na yarda da haka, a can ƙasan wata doguwar takarda da na danna.

Yaya, wane irin ciniki ne wannan? A kasuwar Balad ta nan Jidda, in ka bar wa mai shago zobe jingina, ranar da ka kawo kuɗinsa zobenka zai ciro daga durowa. Ba zai ce yana wurin maƙwabcinsa ba. Su kuwa da lasisinsu da komai, suna juya kayan mutane, in an ci riba tasu ce, in an faɗi tamu ce. Na kai ƙara, an ba ni lamba, an ce halas, wato shi ke nan, in bi layi.

Kai kuma ka gaya wa dangi wai na cinye. Ni, da kake saya wa balila, dafaffen waken nan na Larabawa, a hanyar makaranta da kuɗin motarka, ka taka gida a ƙasa. Wannan ya fi asarar yi mini ciwo.

Na sayar da awarwarona, kuɗin suna hanya. Ka ba mai filin kafin alƙalami, kada ya sayar wa wani. In sauran bai fito ba, zan ɗinko maka shi abaya bayan abaya, ko shekara nawa zai ɗauka.

Allah Ya fito mana da haƙƙinmu, Ya sanyaya zuciyarka, Ya sa ka tsufa a gidan kanka.

Ƙanwarka,
Hindatu, daga Jidda.