Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Zuwa ga Yaya Sulaiman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya sanyin ƙasar Turawa? Mu nan unguwar Takur a Dutse sai godiya. Maigidana yana gaishe ka, yara ma suna gaida kawunsu da suka fi sani a hoto.

Na san ba kai kaɗai za ka karanta wannan ba, kuma ban damu ba. Tunda mutanen gari ba su da hira sai taka, yau su ji tawa.

Kishinka nake yi, Yaya. Na faɗa tun daga farko don kada ka sha wahalar bincike, binciken da ke gabanka ya ishe ka.

Ka tuna lokacin da aka mayar da Dutse babban birnin sabuwar jiha, kai kana jami'a, ni ina sakandare? In ka zo hutu Aujara, littattafanka nake ɗauka in shige ɗakin awaki. A nan na fara ganin zanen ƙwayar halitta, na zana shi da gawayi a bangon kicin har Inna ta ce na ɓata mata bango. A ajinmu babu mai ja da ni a kimiyya. Amma mahaifinmu Malam, Allah ya jiƙansa, ya ce mutum ɗaya ya isa ya yi nisa a boko daga gidan da ake koyar da allo. Ɗayan nan kai ne. Ni na tsaya a takardar koyarwa, ina zana wa yaran firamare ganye da saiwa. Kai kuma ga ka can kana digiri na uku a kan ciwon daji, kana bin ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya don gano abin da ke sa su bijire.

Duk wannan na haɗiye shi, domin ina da abin da ba ka da shi. Ina da Inna.

Kai ɗan fari ne. Tun kana goye aka miƙa ka wurin Kaka a Taura. Inna ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa haɗa ido da kai ba. Kai ne “wancan”, in ta yi maka gata kai ne “mutumin Taura”. Ni kuwa sunana ya sha kira har ya koɗe. Hauwa ɗebo ruwa, Hauwa zo ki tsefe min kai. Nakan kwanta a cinyarta kana durƙushe a bakin ƙofa kana gaisuwa, tana amsa wa bango. A raina nakan ce, ka je da bokonka, uwar tawa ce.

Zuwanka na ƙarshe, lokacin da gari ya cika da zancen ƙaddamar da shari'a, dattawa sun zaunar da kai a gindin darbejiyar ƙofar gida bayan la'asar, suka ce ka faɗa musu abin da kake karantawa. Ka ce jikin mutum tamkar gona yake, kowace ƙwaya tana da lokacin tsira da lokacin mutuwa. Wani lokaci umarnin da ke cikin ƙwaya ɗaya ya lalace, sai ta ƙi mutuwa, ta yi ta hayayyafa har ta cinye wurin ’yan’uwanta. Ka ce in an gano da wuri ana iya cin ƙarfinsa, jinkiri ne ke kisa. Suka yi ta jinjina kai suna cewa Dakta, Dakta.

Inna tana bayan zana tana tankaɗe. Na ga rariyar ta tsaya a hannunta. Na ɗauka daɗin muryarka take ji.

Ka yi haƙuri, zan ajiye kunya in faɗa maka. A ranar nan akwai ƙullutu a ƙirjinta na hagu, ya kai girman goro. Ta ji duk abin da ka ce, ta kuma gane. Duk faɗin Aujara babu wanda ya san ciwon nan kamar kai, kuma duk faɗin duniya kai ne mutum ɗaya da ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa ba. Ta yi maka dambun nama, ta aiko ni da shi, ka tafi.

Ni ma ba ta gaya min ba. Ta sha rubutu, ta shafa saiwoyi, wanzami ya yi mata tsaga. Sai da wurin ya fashe, wata rana da na je Aujara na ga tabo a zanenta wajen wanki, sannan na sani. Na ɗauko ta na dawo da ita wajena. Mun yi ta zarya asibiti a Kano, an yi aiki, an ɗaura mata ruwan maganin da ya zubar da gashin da nake tsefewa. Likita ya ce mun makara, ciwon ya bazu. Duk lokacin da na ce zan sanar da kai, sai ta ce, “Kada a ɗaga wa wancan hankali, karatu yake.” Shi ya sa in ka kira wayar ofishin maigidana ake ce maka jikin tsufa ne.

Kai kana da ɓerayen da kake yi wa allura a ɗakin bincike. Ni ina da gyambon da nake wankewa safe da yamma, ina toshe numfashi don kada ta gani a fuskata. Amma in masu dubiya sun zo, ba sa fita sai sun ce, “Ai da Dakta yana nan.” Nakan yi murmushi in raka su ƙofa.

Ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, na gama ɗaure mata ciwon, na ba ta kunu ta kurɓa kaɗan. Ta kama hannuna. Na sunkuya, ina jiran in ji Hauwa. Sai ta ce, “Sulaiman.” Na zaci zafin ciwo ne ya ɗauke mata hankali, na ce ni ce, Inna. Ta dube ni, idonta tar, ta ce, “Na san ke ce. Ki ce wa Sulaimanuna ya zo.”

Ban taɓa jin sunan wani ya fito daga bakin mutum haka ba, Yaya. A hankali ta faɗe shi, kamar mai fito da zanen da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, kuma ba kukan ciwonta ba ne. Ashe sunan da ake kira kullum na aike ne. Naka ne aka adana.

To, na isar da saƙo. Ka bar ɓerayen nan, za su jira ka, digirin ma zai jira. Ba magani nake so ka kawo ba, wannan ya wuce. In ka iso, kada ka durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ka saba. Ka shigo har gado, ka zauna inda nake zama, ka riƙe hannun dama domin na hagu ya kumbura. Tana son a jiƙa mata leɓe da ruwa kafin ta yi magana. Ni zan fita in ja muku labule. Kada dai ka ce in yi murna, ban kai nan ba tukuna.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same ta da ranta da hankalinta. Allah ya sassauta mata, ya sa ciwon ya zama kaffara. Allah ya sa karatunka ya ceci uwar wani, ya kuma wanke min zuciya. Amin.

Ka yi sauri, Yaya. Ta fara tambayata ko motar da ta tsaya a waje taka ce.

Ƙanwarka,
Hauwa