Hanyar Takarda Ba Ta Da Laka

Anti Bara'atu, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni matar aure ce a Jajaye, 'ya'yana uku. Sau biyu lissafi yana kayar da ni a jarrabawa, shi kaɗai ya tare mini shiga makarantar ungozoma. Goggo, uwar mijina, ita ke riƙe mini yara in tafi darasi Rogo, kuma ta ce bana ce ta ƙarshe, ƙafafunta sun gaji.

Tambayoyin nisa da gudu ne ajalina. A wurinmu in ka tambayi nisan gari, ce maka za a yi tafiyar awa guda ce, ba mai ambaton kilomita. Sai a tambaye ni nisa in rubuta awa. Rannan malaminmu ya ce gari biyu ne, tsakaninsu kilomita tamanin, mai babur ya taso daga wannan yana gudun talatin a awa, mai keke daga wancan yana goma, yaushe za su haɗu? Na tambaya ko da damina ne, don na san abin da laka ke yi wa babur. Aji ya kwashe da dariya, na yi kuka har gida. Saura mako shida jarrabawa. Wallahi tunani nake in kwanta ciwon ƙarya ranar jarrabawar, ya fi mini sauƙi da in sake kallon idon Goggo da faɗuwa.

Mai Neman Mafita, Jajaye

'Yar'uwa, share hawayenki. Tambayarki ta mai hankali ce, sai dai hanyar takarda ba ta da laka, ba a kuma tsayawa gaisuwa. Abin da aka ba ki, shi kaɗai za ki taɓa.

Nisa shi ne gudu sau lokaci. Kira awannin da ba ki sani ba x. Mai babur ya ci 30x, mai keke 10x, su biyun suka cinye tamanin. Wato 40x daidai yake da 80, x biyu ke nan: awa biyu. Kullum ki yi irin wannan tambaya guda biyar, ki zana hanyar, ki ja layi ƙarƙashin abin da aka tambaya, kilomita ko awa.

Goggo ba ta yi laifi ba, tsufa ne, kuma ba ta ce dole ki ci ba. Amma ciwon ƙarya kada ki soma. Faɗuwa za ta iya yafewa, shekara guda tana goyon jikoki don ki kwanta a ɗaki kuwa, wannan zai ci mata rai. Ki shiga ɗakin jarrabawar nan ko gabanki na faɗuwa. Allah Ya buɗa miki, Ya saka wa Goggo da alheri.