Ruwan Randar Baffa

Doha, 6 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar? Kina shan maganin, ko kin sake tura shi ƙarƙashin filo? Yaya mutanen Maigatari? Ni lafiya lau nake. Na rubuta da hannu na ɗauki hoto na turo miki, don idan na kira waya, ɓacin rai ba zai bar ni in kai ƙarshen magana ba.

Kin tuna Dogara ɗan Auta mai gyaran keke, wanda ya zo nan aikin tuƙi bara? Ranar Talata ya gudu daga gidan kafil ɗinsa a Al Aziziya, wato mutumin da ya ɗauko shi aiki. Ɗan gidan ne ya fasa masa baki da kan bel, wai ya tsaya sallar La'asar a hanya ya bar shi cikin mota. Haƙora biyu sun tafi, fasfonsa kuma yana hannunsu. Na ga bakin nan da idona, Inna. Ko jaki ba a yi masa haka a kasuwar garinmu.

Gidan Yaya Ado ya nufa a Al Sadd. Yaya ya buɗe masa ƙofa, ya sa matarsa Anti Safiyatu ta kawo ruwa, ya ce masa ya kwantar da hankali, ya sha ruwan gidan Baffa. Nan take na tuna randar zaurenmu, da yadda marigayi Baffa yake saukar fataken shanu. Duk wanda ya sa moɗa ya sha daga randar nan ya zama amanarmu, ba a miƙa shi ga mai nemansa sai dai a gaban alƙali, Baffa yana tsaye a bayansa. Wallahi na yi alfahari da Yaya. Ranar Lahadi za mu raka Dogara ya kai ƙara ofishin ma'aikata da takardar asibiti, ni zan yi masa tafinta.

Kin sake tambayar wane ne mutumin da nake ta rubutu a kansa a jami'a. Sunansa Lupus, shi ke mulkin Baskawa, mutanen duwatsun da ke tsakanin Faransa da Andalus, fiye da shekara dubu da ɗari biyu da suka wuce. Sarki ne a gidansa, amma a gaban sarkin Farankawa kamar hakimi yake. Wani maƙwabcinsa mai suna Hunald ya yi tawaye, aka ci shi da yaƙi, ya gudo wurinsa neman mafaka. Sarki Shalaman na Farankawa ya aiko cewa ko ya ba da baƙon, ko yaƙi ya shigo masa gida. Sai Lupus ya miƙa Hunald har da matarsa. Masana da yawa suna zaginsa, ni kuwa na kare shi a babin da na rubuta. Na ce mai hankali ba ya ƙona ƙasa guda saboda mutum ɗaya. Malamata ta yaba babin ƙwarai. Makon jiya ma na karanta wa su Yaya muna cin tuwon Juma'a, yana ta tsokanata wai na bar samarin duniya na liƙe wa mataccen Bature. Amma wannan lissafin sarakuna ne, ba na gidanmu ba.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Haulat

Doha, 10 ga Oktoba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ki gafarce ni da gajarta gaisuwar, raina a ɓace yake.

Ɗanki ya ci amana. Ba zan sa masa zuma ba.

Ashe kafil ɗin Dogara ƙanin mai kamfanin da Yaya ke shugabantar direbobinsa ne. Ranar Asabar da safe suka kira shi, suka ce ko ya kawo yaron, ko kada shi da direbobi talatin da biyu da ke ƙarƙashinsa su sa ran a sabunta musu takardun aiki. Khalas, iyakar maganar ke nan. Bai kira ni ba, bai shawarci kowa ba. Ya ce wa Dogara ya taso su je asibiti karɓo takarda. Bawan Allah ya sa rigar da Yaya ya ara masa, ya shiga gaban mota yana godiya. Sai ganin kansa ya yi a ƙofar ofishin 'yan sanda, inda kafil ya riga ya kai ƙarar cewa ya gudu kuma ya sace agogo. Saura kwana ɗaya tal mu kai tamu ƙarar, Inna. Kwana ɗaya!

Da Anti Safiyatu ta faɗa mini tana kuka, ban san lokacin da na baro ɗakin karatu ba. Na same shi a falo yana shan shayi. Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Na ce Baffa ya kwana biyu a kulle saboda wani bafatake ɗan Damagaram da bai san ko sunan ubansa ba, shi kuwa ya sayar da ɗan maƙwabci da kiran waya ɗaya. Na ce ai ko da ya rasa yadda zai yi, sai ya buɗe ƙofa ya ce masa ya nemi wani wuri, ba ya yi masa ƙaryar asibiti ba.

Ya bar ni na gama tas. Sannan ya ajiye kofi, ya ce ai ni na karanta musu da bakina cewa mai hankali ba ya ƙona ƙasa guda saboda mutum ɗaya. Ya ce har tafa mini ya yi ranar, ko na manta? Bai sauya ko kalma ɗaya ba. Na ɗauki jakata na fita. Har yanzu ban san da wa na fi fushi ba, shi ko ni.

Ki je ki ga Ajaratu matar Dogara kafin ta ji a bakin mutane.

Taki,
Haulat

Doha, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, saƙonki ya iso, na saurare shi sau uku.

Kin ce in yi haƙuri, Yaya babba ne, kuma gida talatin da biyu suna ci daga hannunsa. Na sani, Inna. Ni na fara yin wannan lissafin, har maki aka ba ni a kansa. Na yi sati biyu ina zirga-zirga da takardar asibiti har aka janye maganar agogo, amma korar Dogara daga ƙasar ba ta fasu ba. Sun sa shi a jirgi da giɓinsa, da rigar Yaya a jikinsa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ƙarshen saƙonki. Kin ce Dogara ya zo gaishe ki, ya durƙusa a zaure, kika ɗebo masa ruwa a randar Baffa da hannunki, ya ce ki yi haƙuri azumi yake. Kika ce Allah ya karɓa. Inna, ranar Asabar ce fa. Kin fi ni sanin babu azumin da yake yi. Kunyarki ya ji, shi ya sa bai faɗa miki gaskiya ba.

Na je na ce wa malamata zan janye babin nan. Ta ce in nuna mata kuskure ɗaya a ciki. Na koma na bi shi layi-layi ban samu ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Lupus ya tsira da ƙasarsa, Yaya ya tsira da direbobinsa, har an ƙara masa girma. Abin da na lura da shi kawai, shafi arba'in na rubuta ban taɓa tambayar yadda aka fito da Hunald daga gidan ba. Ɗaure shi aka yi, ko ce masa aka yi ya taso a raka shi wani wuri? Matarsa kuwa ko sunanta ba su rubuta ba. A kan wannan zan yi babi na gaba, ko a yaba ko kada a yaba.

Ina roƙonki abu ɗaya. Ki daina wahalar da ƙafarki kina cika randar nan kowace safiya. Ki kife ta, har ranar da Yaya zai zo da kansa ya durƙusa a ƙofar gidan Auta.

Shekaranjiya Anti Safiyatu ta kira ni, ta ce Yaya ya ce in zo cin tuwon Juma'a, ya isa haka. Ita ba ta yi mini komai ba, don haka ban ɗaga mata murya ba. Na ce ta yi haƙuri, azumi nake.

Ki gaida Ajaratu. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Haulat