Layin Gaisuwa

Garin Amos, Afrilu

Zuwa ga 'yata Réjeanne,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Da hannuna nake rubuta miki, yadda aka koya mana a ajin yamma.

Murna ta hana ni zama! 'Ya'yanki biyu a zagayen ƙarshe mai wasa bakwai na kofin hoki, wasan nan na kan ƙanƙara, Gaétan a wannan ƙungiya, ƙanensa Normand a waccan. Duk wanda ya ci, kofi gidana zai zo. Maƙwabcina Aldéric ya ce, "Kai tsoho, wa kake goyon baya?" Na ce, "Ƙanƙarar! Ni na riƙa zuba ruwa yana daskarewa a bayan gida har suka iya tsayuwa a kanta."

Ki gaishe su.

Mahaifinki, Ovila

Montréal

Baba,

Bayan gaisuwa da ladabi, wasiƙarka ta iso. Ni dai na gaji. Na rasa gefen da zan zauna a filin, kowanne ya faɗi ɗana ne.

Ga abin da rediyo bai faɗa muku ba. A wasa na uku Normand ya maka yayansa da katangar fili, haƙora biyu suka zube. Gaétan ya ce da gangan ne. Ya rantse ranar da aka gama, in an jeru ana gaisawa, zai wuce Normand kamar bai san shi ba. Na ce, "A gaban duniya?" Ya ce, "A gaban duniya ya fasa mini baki, Mama."

Baba, ka san halin jininka. Kai da Baffa Rosaire har ya rasu ba ku yi magana ba. In Gaétan ya wuce ƙanensa, shi ke nan.

Ka huta lafiya.

'Yarki mai biyayya, Réjeanne

Amos

'Yata,

Ina gaishe ki. Tunda na karanta wasiƙarki abinci ya daina shiga. Wasa bakwai, ƙashina duk ciwo yake kamar ni aka yi ta bugawa.

Mun kalli na ƙarshen a talabijin ɗin Aldéric. Su Normand sun ci, gari ya ɗauki ihu, ni ina jiran layin gaisuwa. Na ga Gaétan yana tafe, saura mutum ɗaya tsakaninsa da Normand, sai iska ta karkatar da eriya, hoto ya ɗauke. Aldéric ya hau rufi yana zage-zage. Da hoto ya dawo, kofi kawai ake nunawa.

Kowa na yi mini barka. Su riƙe kofinsu. Ya ba shi hannu?

Mahaifinki, Ovila

Montréal

Baba,

Gaisuwa. Gaétan ya tsaya a gaban Normand bai cire safar hannu ba, har layin ya cushe a bayansu. Sannan ya cire, ya miƙa masa hannu.

Normand ya ce abin da ya faɗa masa kawai shi ne, "Ɗan banza, ni zan tuƙa mu zuwa wurin Kaka. Tuƙinka ma mugunta ne."

Ka gyara gado biyu. Ka dafa wake ya yi laushi sosai, ɗaya ba ya iya tauna.

Réjeanne