Ƙarin Girman da Ya Rage Mini Albashi

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Tattara Haraji,
Ofishin Shiyya.

Daga:
Babban Malamin Kimiyya,
Makarantar Sakandaren Gwamnati.

12 ga Mayu

Game da: Zabtare albashina da ƙwace keken ɗinkin maiɗakina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar da ta dace da matsayinka, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. A watan Janairu aka yi mini ƙarin girma, bayan na tsufa ina shaƙar ƙurar alli. Maƙwabta suka yi ta shigowa taya murna. Da albashi ya shigo, sai na tarar ƙarin ya jefa ni rukunin haraji na sama, an kuma ɗora sabon harajin raya ƙasa. Abin da ya iso hannuna bai kai na da ba.

2. Ba na cikin waɗanda ake kira matalauta, shi ya sa babu tallafin da ya san ƙofar gidana. Amma motata tana kan bulo, kajin maƙwabta na ƙwai a ƙarƙashinta. Na cire 'yata daga makarantar kuɗi a shekararta ta ƙarshe. Mahaifiyata kuwa raba ƙwayar hawan jini biyu take yi da wuƙa, a zatonta ban sani ba.

3. Don rufin asiri, maiɗakina ta fara ɗinki a garejinmu. Ranar 3 ga Afrilu jami'anku suka zo, suka kira garejin masana'anta, suka yanka mata tara, suka ɗauke keken da rigar mutane a ƙarƙashin allura. Gaban 'ya'yanta aka yi wannan.

4. Na zo ofishinku, aka ce ka shiga taro. Na dawo, wani jami'i ya raɗa mini cewa in na ba da na goro keken zai kwana a gida. Ranka ya daɗe, ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba. Harajina ana yanke shi tun kafin in ga albashin. Ban taɓa ɓoye sisi ba, balle a yi mini kallon ɓarawo.

Saboda haka ina roƙon a maido da keken da rigar, a soke tarar, a kuma sake duba rukunin da aka saka ni.

Ina kuma sanar da kai cikin ladabi cewa daga Litinin, da zarar an tashi makaranta, zan riƙa zama a bencin ƙofar ofishinka ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina har sai an amsa mini. Kada a damu da ni. Na saba jiran yaro ya ba da amsa.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya ga doka,
(sa hannu)
Babban Malamin Kimiyya