Tukunyar Lola Sinang

Sibalom, ranar Talata

Zuwa ga yayana, Manong Doming,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya aikin jirgin ruwa, ya ƙafar nan taka? Mu nan lafiya lau. Ni ce dai na yi abin kunya, kuma ba wanda zan iya gaya wa sai kai.

Ranar Asabar na kawo Renato, wanda zan aura, ya gaida Lola Sinang, kakarmu da ta rene mu. Ka san ɗan Manila ne, malamin kimiyya. Muna cin shinkafa da busasshen kifi bayan faɗuwar rana, sai gefen wata ya fara cinyewa. Kafin in ankara, Lola ta ciro tukunyar tagullar nan da ludayi, ta yi tsakar gida tana ƙwala mata duka, tana yi wa Bakunawa, macijin nan da ake cewa yana haɗiye wata, ihu: "Tofar da shi, macijin banza! Wata shida ka haɗiye, ba su ishe ka ba?"

Manong, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ga Renato yana murmushi, na ɗauka dariya yake mata. Na je na fizge tukunyar, a gaban baƙo fa, na ce ta daina kunyata ni, inuwar duniya ce kawai. Ni ɗin nan da muka tashi muna taya ta da gwangwani!

Lola ta ajiye ludayin. Ta zauna kan matakala, hannu a cinya, ido a sama. Watan ya yi jawur, ya daɗe, sannan ya fito tas. Sai ta kira ni da sunana na yarinta, ta ce, "Inday, ashe ko ba ni zai dawo. Shekara saba'in ina ta wahala."

Daga baya Renato ya ce min haka kakarsa take yi. Ashe murfin tukunya yake nema ya taya ta bugawa.

Na roƙi gafara, ta ce ba komai, ai ni ce mai ilimi. Da zagina ta yi, da ya fi min. Jiya na tarar da tukunyar a bayan gida, kaji na shan ruwa a ciki. Na wanke ta fes, na mayar ƙarƙashin gadonta. Yau da safe na ga ta sake mayar da ita wajen kajin.

Renato ya lissafa, wani kamun watan sai nan da shekara biyu. Lola kuwa tamanin da uku gare ta. Ka rubuto mata, don Allah, tana jin maganarka.

Ƙanwarka,
Puring