Kujerar Kerubo

Baban Kerubo,

Na fita tun asuba, an kira ni wurin aiki, kuma ba zan dawo ba kafin ku kama hanyar Kisii.

Jiya da za mu kasuwa na tarar Mama ta sake juya kujerar yara da muke ɗaure Kerubo a kai cikin mota tana kallon gaba. Na ce wuyan yarinyar bai yi ƙwari ba tukuna. Ta ce, "Moraa, 'yar mutum ce ko buhun masara, da za ki sa ta kallon baya? Mijin naki a cinya na riƙa yawo da shi, ga shi nan da wuyansa." Haka muka tafi.

A hanya wani mai babur ya gitta, na taka birki, kan Kerubo ya yi gaba kamar zai cire. Ba ta ji ciwo ba.

Na mayar da kujerar tana kallon baya, na ɗaure. Kunun Kerubo na cikin filas. Za ta yi kuka, Mama za ta yi faɗa, amma don Allah kada ka bari a juya kujerar nan, ko da kun tsaya shan shayi a Narok. Ni suruka ce, bakina ba ya kaiwa. Kai ɗanta ne.

Moraa